Na'ura ta ƙi karɓar yatsan Babanmu: wane tsaro dangwalen nan ya kawo mana?

Ɗan_Malam_Garba:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya tsaya mini a rai, ina so masu sani su haska mini. Mahaifinmu tsohon malamin firamare ne, shekara 35 ya yi yana riƙe da alli. Da ya yi ritaya sai ya koma gona, yanzu ya haura 70 amma har gobe shi yake yin noman gyaɗarsa da hannunsa. Makon jiya aka kira su tantance 'yan fansho. Muna idar da sallar asuba muka kama hanya, ba a zo kansa ba sai dab da azahar. Ya ɗora babban yatsa a gilashin na'urar, ta kawo jan haske. Aka ce ya goge a jikin riga, ya goge. Aka koma manuni, aka koma na tsakiya, har aka ƙare duka goman. Yaron da ke kan kwamfutar ya ce, "Baba, na'ura ba ta ganin ka, sai dai ka dawo." Baba ya buɗe tafin hannunsa ya tsura masa ido, bai ce uffan ba. Sai da muka hau mota ya juyo ya ce da ni, "To yanzu da me zan nuna musu ni ne?"

Takardar ɗaukarsa aiki tana hannunsa. Hotonsa yana kan allon kwamfutar, ni da idona na gani. A cikin masu zirga-zirga a wurin har da wanda ya koyar a aji huɗu, ya zo ya durƙusa ya gaishe shi. Tambayata biyu ce. Idan mutum yana tsaye da ransa na'ura ta ce ba shi ba ne, wa za a gaskata? Sannan wannan dangwalen da ya bi mu banki, ya bi mu layin waya, ya bi mu rumfar zaɓe, wane tsaro ya kawo mana?

Maman_Sadiya:
Wa alaikumus salam. Allah sarki Baba, Allah ya ƙara masa lafiya. Haka muka sha da surukata, mai sana'ar daddawa ce, kullum hannunta cikin ruwan kalwa da toka. Yatsunta sun yi sumul kamar an goge su da dutse. Sau uku muna komawa kafin a samu biyu da suka ɗauku.

Injiniya_Sale:
Malam Ɗan_Malam_Garba, ka ba Baba haƙuri, laifin ba nasa ba ne. Bari in ɗan yi bayanin yadda abin yake aiki, don in an san ciwo an san magani.

Kalli cikin yatsanka da kyau, za ka ga siraran layuka kamar kunyoyin gona. Wani layin yana tafiya sai ya tsaya, wani kuma ya rabu biyu. Waɗannan wuraren na tsayawa da rabuwa su na'ura take nema. Tana auna inda kowanne yake da inda ya fuskanta, ta mayar da su lissafi ta ajiye. Ranar tantancewa ta sake ɗaukar sabo, ta gwada da na ajiye, ta ba da maki. In makin ya kai mizanin da aka sa mata ta ce kai ne, in bai kai ba ta kawo ja. Ke nan ba sanin mutum take yi ba, kamanni take aunawa.

Mizanin nan mutum ne yake saita shi. Kamar maigadi ne: in ka ce ya tsananta, wata rana zai hana ɗan gida shiga. In ka ce ya sassauta, baƙo zai sulale ya wuce. Babu saitin da zai kawar da duka biyun. Inda kuɗi suke yawanci tsanantawa ake yi, kuma manomi da magini da mai wanki da tsoho su suke kwana a ciki, don ƙotar fartanya da siminti da sabulu suna cinye layukan. Ga hunturu, busasshen yatsa ba ya manne wa gilashi sosai.

Shawarata: ya huta da aikin gona na mako ɗaya zuwa biyu, ya riƙa shafa man kaɗanya da dare. Muddin ba rauni mai zurfi ba ne, layukan suna dawowa yadda suke. Ranar zuwa kada ya shafa mai a hannu, ya dai goga yatsan a goshinsa ko gefen hanci kafin ya ɗora. Kuma kada ya danna da ƙarfi, dannawa tana baje layukan su haɗe.

Maman_Sadiya:
Injiniya, wannan na goga yatsa a goshi shi ya fisshe mu a zuwa na uku. Wata ma'aikaciya ce ta raɗa mana, Allah ya saka mata da alheri.

Baban_Khairat:
Na tausaya wa Baba ƙwarai, amma kada mu manta dalilin da ya sa aka kawo tantancewar. Shekara nawa aka yi ana biyan albashi da fansho da sunan mutanen da suka daɗe a kabari, ko waɗanda ba a ma taɓa haifa ba? A watan Fabrairun 2016, lokacin Kemi Adeosun tana ministar kuɗi, gwamnatin tarayya ta sanar da cire sunaye 23,846 na ma'aikatan bogi, aka ce hakan ya rage kusan naira biliyan 2.29 a kowane wata. Da lambar BVN, wato lambar tantance mai asusun banki da ake ɗaukar yatsa kafin a bayar, aka kama su, don an ga mutum ɗaya yana karɓar albashi ta asusu da yawa. Kafin Babban Banki ya ƙaddamar da BVN a 2014, zamanin Sanusi Lamido Sanusi, mutum yana iya buɗe asusu biyar da suna biyar ba wanda ya sani. Kuɗin da ɓarayin biro suke kwasa kuɗin irin su Baba ne. Don haka ni a wurina gyara ake buƙata, ba zubarwa ba.

Bakatsine_77:
Baban_Khairat, wannan maganar kuɗi ce, kuma na yarda. Amma Malam tsaro ya tambaya. A Disambar 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa. Ka tuna yadda mutane suka yi cincirindo a bakin ofisoshi ana tsakiyar korona, tsofaffi suna kwana a layi. A Afrilun 2022 aka toshe kira a layukan da ba a haɗa ba. Me aka gaya mana? Cewa duk wanda ya kira neman kuɗin fansa za a san ko wane ne. Mu da muke yankin da abin ya yi ƙamari mu muka san ko kiran ya tsaya. Bai tsaya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Injiniya_Sale:
Bakatsine_77, gaskiyarka, sai dai mu raba abu biyu. NIN tana gaya maka wanda ya yi rajistar layi, ba ta gaya maka wanda yake riƙe da wayar yau. Masu garkuwa da mutane sau da yawa da wayar wanda suka kama suke kira. In ka bi sunan, kan wanda aka sace za ka faɗa. Ga layukan da aka yi wa rajista da bayanan wasu aka sayar a kasuwa. Sannan ko ka san sunan mutum da hotonsa, in yana tsakiyar daji sai an samu mai shiga ya fito da shi, wannan kuma ba aikin na'ura ba ne.

Bakatsine_77:
To ai shi ke nan. Shi kansa Isa Ali Pantami, tsohon ministan sadarwa wanda a lokacinsa aka kawo tsarin, ya fito a farkon 2024 yana cewa jami'an tsaro ba sa amfani da bayanan yadda ya kamata. Talaka ya yi nasa, ya bi layi ya dangwala. Saura masu nasu aikin.

MaiPOS_Sabongari:
Ni a shagona abin da nake gani daban ne. Ban taɓa ganin wanda aka sace wa kuɗi ta hanyar kwaikwayon yatsansa ba. Kira ake yi, a ce daga banki ne, a karanto maka sunanka da ranar haihuwarka har ka saki jiki, sai a ce ka faɗi lambar da ta shigo wayarka. Wata baiwar Allah ta zo cire kuɗin adashinta, muka duba babu ko sisi, a nan bakin shagon ta zauna a ƙasa tana salati. Jama'a, ku ja kunnen iyayenmu: lambar da ta shigo waya ba a karanta wa kowa, ko da ya ce shi ne manajan banki.

Malama_Hajara:
A ɓangaren jarrabawa dai abin ya taimaka, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Shekara 18 ina koyarwa a sakandare. Da can sojan gona ya zama sana'a, ƙato mai gemu zai shiga ya rubuta wa yaro jarrabawa. Tun da JAMB ta sa dangwale a ƙofar shiga, kuma daga 2021 ta ce sai da NIN za a yi rajista, abin ya ragu sosai. Matsalata ɗaya ita ce 'yan matanmu da lalle. Hukumar da kanta ta gargaɗe su kada su ƙunsa a yatsu lokacin rajista da jarrabawa, amma duk shekara sai an samu wadda ta je biki ta dawo da yatsu baƙi ƙirin, tana kuka a bakin ƙofa.

Ummu_Abdallah:
Malama, ki yi mini afuwa, ban ga laifin yaran ba. Lalle adonmu ne tun kaka da kakanni, tun kafin a san za a ƙera wata na'ura. Wanda zai kawo kaya ƙasar da mata miliyoyi suke ƙunshi, shi ya kamata ya gwada kayansa a hannun mai ƙunshi kafin ya saya. Me ya sa kullum mu ne za mu lanƙwasa?

Malama_Hajara:
'Yar'uwa, ni ma ina ƙunshi, kuma na fahimce ki. Amma yarinyar da jarrabawarta take ranar Asabar ba za ta jira a gyara na'ura ba. Abin da nake gaya musu shi ne su yi a bayan hannu da ƙafa, su bar kan yatsun har a gama. Wasu ma garin cire lallen suke sa sinadarin da yake ƙona fatar, a gudu ba a tsira ba.

Alaramma_Na_Tsangaya:
Assalamu alaikum. Ina bin maganar nan tun safe, kuma abin da yake ta zuwa mini shi ne aya ta 4 a Suratul Ƙiyama, inda Allah yake cewa Shi mai iko ne a kan daidaita har kan yatsun mutum. Likitoci sun ce tun jariri yana ciki zanen yake fitowa, kuma ko tagwaye masu kama ɗaya kowa da nasa. Subhanallah. Ɗan_Malam_Garba, ka gaya wa Baba yatsun da suka goge a wajen neman halal abin alfahari ne. Allah ya sa a mizani.

Ɗan_Malam_Garba:
Amin Alaramma, na gode. Na karanta masa, ya ji daɗi ƙwarai.

Ɗan_Zangon_Kumasi:
Gaisuwa daga Kumasi. Mu a Ghana mun ɗanɗana wannan tun zaɓen Disambar 2012, lokacin da aka kafa dokar cewa wanda na'ura ba ta tantance ba ba zai jefa ƙuri'a ba. Na'urori suka tsaya a wasu rumfuna, dole aka ci gaba da zaɓe washegari. Yanzu kuma komai sai da Ghana Card, banki ko layin waya. Mu mutanen zango damuwarmu ba yatsa ba ce, tambayoyin da ake yi maka kafin a kai ga yatsan ne. Kakanka a nan aka haife shi, amma saboda sunanka sai a tsaya ana neman hujja a kan hujja.

Bazindire:
Haka ne ɗan'uwa. Mu ma a Nijar da rajistar zamani mai ɗaukar yatsa da hoto aka yi zaɓen 2020. Ta rage rajista biyu-biyu, wannan gaskiya ne. Amma makiyayin da ya tafi mashekari lokacin da masu rajista suka zo garinsu, da wanda rikici ya kora daga gida, su ba su shiga ba, kuma ba wanda ya ƙirga su a cikin waɗanda na'ura ta ƙi.

Baban_Khairat:
Tun da an shigo maganar zaɓe, ku tuna 2015 lokacin Farfesa Attahiru Jega yana shugaban hukumar zaɓe. A Otuoke na'urar tantance kati ta ƙi karɓar Shugaba Goodluck Jonathan, duniya tana kallo a talabijin, sai da takarda aka tantance shi. Shi ya sa na'urar BVAS da aka yi zaɓen 2023 da ita take duba yatsa, in ya ƙi ta duba fuska. Wannan shi ne gyaran da nake nufi.

Ɗan_Malam_Garba:
Baban_Khairat, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Shugaban ƙasa da na'ura ta ƙi shi, nan take aka samo masa wata hanya. Mahaifina cewa aka yi ya dawo, kuɗin mota zuwa da dawowa mu biyu, ga yini guda a rana.

Nas_Bilkisu:
Injiniya ya yi bayani mai kyau, amma akwai waɗanda man kaɗanya ba zai yi musu komai ba. Da tsufa fata takan yi siriri, layukan su kwanta, wannan ba ya dawowa. Akwai maganin kansa mai suna capecitabine da yake iya shafe zanen yatsa gaba ɗaya. Sannan ga bayin Allah da kuturta ta cinye wa yatsu, da waɗanda suka rasa hannu a hatsari ko a injin niƙa. Na taɓa raka wani dattijo da ya warke daga kuturta wajen wata rajista. Da ya fito da hannunsa daga cikin riga, ma'aikacin ya ja kujerarsa baya. Dattijon ya mayar da hannun ya ce mu tafi. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Duk tsarin da za a kawo, dole a rubuta a cikinsa abin da za a yi wa wanda ba shi da yatsa, kuma a koya wa ma'aikacin.

Ɗalibar_Kwamfuta:
Kada mu ɗauka fuska ce za ta raba gardama. A 2018 Joy Buolamwini, 'yar asalin Ghana da a lokacin take bincike a jami'ar MIT ta Amurka, tare da Timnit Gebru, sun gwada manhajojin IBM da Microsoft da Face++ a kan gane mace ce ko namiji daga hoto. A kan farar fata maza kuskuren bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A kan mata baƙaƙe ya kai kusan kashi 35 a mafi muni. Dalili shi ne hotunan da aka koyar da manhajojin da su yawanci na fararen fata ne. A 2020 kuma 'yan sandan Detroit a Amurka sun kama wani baƙar fata a gaban iyalinsa saboda manhaja ta ce shi ne a hoton sata, alhali ba shi ba ne. An samu ci gaba daga lokacin, amma ni dai ina so duk abin da za a sayo mana a fara gwada shi a fuskokinmu, cikin irin hasken ranarmu.

Ummu_Abdallah:
Allah ya yi miki albarka ƙanwata, abin da nake faɗa ke nan a kan lalle. Kuma a tanadi mace da ɗan labule saboda masu niƙabi. Ba ƙin buɗewa suke yi ba, wuri suke nema.

Lauya_Mai_Neman_Sani:
Akwai gefen da ba a taɓa ba. Kowa yana maganar na'ura ta ƙi karɓa, ni abin da yake hana ni barci shi ne ina abin da ta karɓa yake tafiya. In aka sace lambar sirrinka, ka canza wata. In aka sace zanen yatsanka fa? Goma gare ka, su ne har kabari. A 2015 an yi kutse a hukumar kula da ma'aikatan gwamnatin Amurka, aka kwashe zanen yatsun mutum miliyan 5.6. A 2021 da Taliban suka karɓi Afganistan, na'urorin ɗaukar yatsa da ƙwayar ido da sojojin Amurka suka bari sun faɗa hannunsu, waɗanda suka yi wa Amurkawa aiki suka shiga fargaba. A nan gida, a 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta ce ta gano shafukan da suke sayar da bayanan 'yan Najeriya a kan naira 100, hukumar NIMC mai ba da NIN kuma ta musanta cewa an shiga rumbunta. Ka haɗa wannan da abin da MaiPOS ya faɗa na mai kira da ya san ranar haihuwarka.

Muna da Dokar Kare Bayanai ta 2023, kuma ta sa irin waɗannan bayanai na jiki cikin masu buƙatar kulawa ta musamman. Kana da haƙƙin tambayar me za a yi da bayananka. Don haka duk wanda ya zo unguwa da kwamfuta ya ce tallafi za a raba, a kawo NIN a dangwala, ku tambaye shi daga ina yake kafin ku miƙa hannu.

Injiniya_Sale:
Lauya, ƙari a kan maganarka: a 2013 'yan ƙungiyar Chaos Computer Club ta Jamus sun buɗe iPhone 5s da yatsan roba kwanaki kaɗan da fitowarta. Shi ya sa na'urorin kirki suke duba ko yatsan mai rai ne. Sai dai suna da tsada, kuma ba kowane ɗan kwangila ne yake sayo su ba.

Bakatsine_77:
Har yanzu dai ba wanda ya nuna mini ƙauye ɗaya da ya kwana lafiya saboda NIN.

Baban_Khairat:
Ni ma ban ce akwai ba. Amma ka nuna mini yadda za a kama mai karɓar albashin mutum 20 ba tare da ita ba.

Malama_Hajara:
Ku biyun kowa da gaskiyarsa, amma mun bar Baba a bakin ƙofa. Malam, ka rubuta takardar koke da hannunka, ka haɗa da kwafin takardunsa, ka nemi shugaban sashen ba yaron da ke kan kwamfuta ba. A Indiya, tsarinsu na Aadhaar yana ɗaukar yatsu goma da ƙwayar ido biyu da hoto, kuma duk da haka sun tanadi hanya ta daban ga wanda ba shi da yatsu ko ido. Ka tambaya a rubuce mene ne tanadinsu. Ka riƙe kwafi ɗaya da aka buga wa hatimin karɓa.

Ɗan_Malam_Garba:
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Ga inda muke. Baba ya yarda ya ajiye fartanya, ƙanena ne zai ƙarasa masa aikin, ko da yake jiya da yamma na same shi a bakin gonar yana nuna masa inda ya bari. Inna tana shafa masa man kaɗanya kowane dare. Takardar na rubuta yadda Malama ta ce, ranar Talata za mu koma. Injiniya, tambaya ɗaya: da na duba da fitilar waya, ƙaramin yatsansa na hagu ne kawai layukansa suka fito sosai. In ba da shi aka yi rajistar farko ba, za su iya karɓar sa, ko sai an sake ɗaukar sabo gaba ɗaya?

Injiniya_Sale:
Ya danganta da abin da aka ɗauka ranar farko. In goma aka ɗauka, ka roƙe su su zaɓi wannan yatsan a kwamfutar kafin ya ɗora. In manyan yatsu biyu ne kawai, sai dai a sabunta masa, kuma wannan sai da sa hannun babba. Ka tambayi Baba ko ya tuna yatsu nawa ya dangwala.

Ɗan_Malam_Garba:
Na tambaye shi yanzu. Ya ce ya tuna an haɗa masa yatsu huɗu a gilashi lokaci ɗaya, dama sannan hagu.